Faɗuwar Inna ta Biyar

Na'urar awon sukari da 'yan takardunta hamsin. Kwalabe shida na ruwan sukari na allura. Ledar ƙarin ruwa biyu. Sirinji goma, auduga, alkol na goge fata. Maganin Baba na wata guda, ƙwaya sittin. Takardar likitocin Yamai mai ɗauke da ranar fiɗa. Gorar ruwa.

Su ne a jakar da na ɗaure a bayan babur, ina tsaye a bakin korama tsakanin Madawa da Karofane, ina jiran ruwa ya janye. An yi ruwa da asuba a kan tudu. Mu bakwai ne a gaɓa, da amalanken jaki biyu. Wani tsoho ya kafa kara a bakin ruwan yana dubawa, ya ce nan da awa guda za a ƙetare. Ni kuwa ba ni da awa guda.

Ƙanwata Zulaiha ce ta kira ni da ƙarfe bakwai na safe. "Yaya, Inna ta hwaɗi." Na ce ta jiƙa sukari ta riƙa shafa mata a dasashi, kada ta ɗura mata komai. Wannan ne karo na biyar cikin wata bakwai.

Ni ne ɗan fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta haɗa ido da shi. Da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata Cima, a can na girma, katanga ɗaya tsakanina da Inna. In tana son aikena sai ta ce, "Ku ce ma ɗan Cima shi ɗebo ruwa." Ban taɓa jin Mahfuzu a bakinta ba. Ban ɗauke shi a bakin komai ba, haka ake yi wa kowane ɗan fari a garinmu. Na yi lakol, wato makarantar boko, a Buza, na yi a Tawa, na sami bursa, tallafin karatu, na tafi Aljeriya karatun likita. Shekara takwas. Cima ta rasu ina can. Ranar da na dawo gari ya cika gidanmu, Inna kuwa ta shige madafi, ba ta fito ba sai da aka watse.

Faɗuwar farko ta zo wata huɗu bayan na kama aiki a wani asibiti a yankin Madawa. Na same ta cikin zufa, hannu na rawa, ba ta gane kowa. Sukarinta 0,40. Na mai lafiya yana kusa da ɗaya. Ba ta da ciwon sukari, ba a taɓa rubuta mata maganinsa ba. Na yi mata allura ta farfaɗo, ta dube ni ido cikin ido, ta ce, "Likita, ka zo?"

Tun da na yi wayo ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba sai ranar. Mara lafiya na iya magana da likita, babu kunya a wannan. Kwana uku na yi a gida.

A faɗuwa ta biyu na ɗebi jininta kafin allura, na aika Yamai cikin ƙanƙara. Sakamako ya nuna insulin ya yi mata yawa, kuma jikinta ne ya fitar da shi, ba allura aka yi mata ba. Abu biyu ke kawo haka. Ko dai ƙari ne a pankireyas, tsokar nan da ke bayan tumbi mai fitar da insulin, ko kuma mutum yana shan ƙwayar masu ciwon sukari alhali ba shi da ciwon. Awon da ke gano ƙwayar a jini ba a yin sa a ɗakin gwajin da na aika. Farfesan da na kai wa takardun ya tambaye ni ko akwai irin maganin a gidan. Na ce akwai, na mahaifina ne, amma mahaifiyata ko farasitamol ba ta sha sai an yi rigima. Da ƙarfin murya na faɗa. Bai sake tambaya ba.

Akwai gwajin da ke raba gardama. A kwantar da mutum kwana uku babu ci sai ruwa, ana awonsa. In ƙari ne, sukari zai faɗi da kansa. Na kwantar da ita a asibitinmu. Yini na biyu sukarin na nan daram, sai ta ce, "Likita, yunwa." Na katse gwajin, na sa aka dama mata fura. Hoton ciki na sikane bai nuna komai ba, amma irin wannan ƙarin kan kasance ƙarami kamar ƙwayar dawa. Bayan faɗuwa ta huɗu na koma wurin farfesa na ce a buɗe ta a laluba. Ya yi jinkiri. Ni na matsa. Aka sa rana, Talata ta sama.

Da na gaya mata, tambaya biyu ta yi.

"Kwana nawa za a yi can?"

"Ƙila wata guda."

"Kana nan?"

"Ina nan."

"To."

Ruwan bai gama janyewa ba na ba wasu mutum biyu babur suka tallabe shi, na bi su da jaka a ka, ruwa har ƙugu.

Na isa gida hantsi ya ɗaga. Mata uku na maƙwabta suna tsaye a ƙofar ɗakinta suna salati. Na ce su ba ni hanya. Tana kwance a tabarma, zane ya jiƙe da zufa, Zulaiha na durƙushe da kofin sukari. Na huda yatsa. 0,34. Na nemi jijiya, na tura kwalba biyu, na rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar bango. Minti huɗu ta buɗe ido.

"Likita, ka zo?"

"Na zo."

"Ruwa ya jiƙa ka."

"Zai bushe. Kwanta."

Ta miƙo mini wuyan hannunta tun ban nema ba. Na ƙirga bugun, na ajiye hannun, na ce Zulaiha ta dama kunu. Na ɗauki kwalin maganin Baba na fita zaure in gaishe shi.

Baba, Malam Sha'ibu, na zaune a kan buzu yana tufkar igiya. Damina ta yi nisa, kowa na gona, shi yana zaure. Ban lura da hakan ba a zuwana na baya. Ƙafarsa ta dama na naɗe da tsumma, ƙudaje sun taru a kai. Tun daga ƙofa na ji warin.

"Balarabe, ka iso? Ƙaƙa jikin nata?" Da wannan sunan yake kirana.

"Ta farfaɗo. Me ya sami ƙafarka?"

"Ƙaya. Tun shibka."

"Kwance mu gani."

"Wurin uwarka kaz zo, tsaya ga uwarka. Ƙahwa ba ta kira ka ba."

Na durƙusa na kwance da kaina. Yatsu biyu sun yi baƙi, kumburin ya haura har idon sawu. Na danna, bai ji ba. Na huda yatsan hannunsa. 3,8.

"Baba, kana shan magani?"

"Kullum. Guda da sahe, ban taɓa hwashi ba."

"Biyu na ce. Safe da yamma."

"Wannan da can. Ba kai kac ce a rage ba?"

"Yaushe?"

"Tun ana cirar albasa. Uwarka Kulu tac ce ka yi waya, ka ce guda ya isa, da yawa shina ɓata ƙoda." Ya yi dariya. "Ko ka mance? Karatu ya yi maka yawa, Balarabe."

A gidanmu magani a hannun uwargida yake zama, kamar gishiri da ashana. Duk wata ni ke saye a farmasi, in miƙa wa Inna ko in aiko, ita ke ba shi da ruwa. Wata biyar ban auna shi ba. Duk zuwana ɗakinta nake wucewa.

Na tsaya ina kallon na'urar. Gida ɗaya, safiya ɗaya, mai ciwon yana kan 3,8, wadda ba ta da shi tana kan 0,34. Ɗalibin likita na aji uku zai gane wannan.

"Lahiya?" in ji Baba.

"Kada ka taka ƙafar. Ina zuwa."

Na sami Zulaiha a madafi tana dama kunu. Na ce ta biyo ni. A ɗakin Inna, jikin bangon gabas, akwai jeren kwanukanta na aure, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kowanne da murfinsa. Namiji ba ya taɓa jeren mace, balle ɗa. Ko Baba bai san abin da ke ciki ba. Inna ta rufe ido, numfashinta ya daidaita.

"Sauke su," na ce.

"Yaya, ban iya."

"Don me?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kin sani ke nan."

"Tun ta ukku." Muryarta ƙasa ƙasa. "Na gan ta tana hwasa takardar."

"Kika ci gaba da kirana."

"In ban kira ka ba mutuwa za ta yi hwa."

"Kina nan na ce za a yanka ta."

"Ta sa ni na rantse, Yaya. Uwata ta. Ƙaƙa zan yi?"

Na sauke kwanukan da hannuna. Na farko kanwa ce da kimba. Na biyu tsofaffin 'yan kunne. A na huɗu akwai ƙullin ƙyalle. Na kwance shi a tafin hannu. An ɓare ƙwayoyin daga takardarsu, farare, masu tsaga a tsakiya. Na san su, ni na saye su. Sun haura ɗari.

Ƙarar murfi ta sa ta buɗe ido. Ta dubi jeren a ƙasa, ta dubi hannuna. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ga bango, igiyar ƙarin ruwan ta miƙe.

"Inna, guda nawa kika sha yau?"

Ta ƙara jan mayafin.

"Ina tambaya ne don in san kwana nawa zai yi a jikinki. Yana iya sake kayar da ke kafin la'asar."

Daga cikin mayafi ta ce, "Zulai, ce mashi ukku."

Ina tsaye taku biyu daga kanta. Wata bakwai tana yi mini magana kai tsaye, yanzu ta koma aika.

"Me ya sa?"

"Ce mashi na hwarko kuskure na. Kaina ka ciwo, na ga ƙwaya hwara, na ɗauka duk ɗaya na."

"Na biyu fa? Na uku? Na yau?"

Zulaiha ce ta yi magana, idonta a ƙasa.

"Karon hwarko kwana ukku kay yi nan. Kai ka ba ta kunu da cokali. Da kat tahi, tac ce min ashe hannunka sanyi gare shi. Ba ta sani ba."

"Ba ke na tambaya ba."

"Ai ba ta iya ce maka, Yaya. Ka sani."

Na sani. Na kuma san benci nawa na bari cike da mutane a asibiti duk ranar da aka kira ni, da sau nawa na roƙi abokin aikina ya riƙe mini, da abin da na gaya wa farfesa da ƙarfin murya. Na ƙulle ƙyallen na sa a aljihu.

"Ƙafar Baba ta ruɓe. Yatsu biyu sun tafi. Ban san ko za a tsaya nan ba."

Mayafin ya motsa. "Ce mashi ƙaya ta."

"Sukari ne. Wata biyar yana shan rabin magani."

"Ce mashi maganin da yak kada ni ina tsaye da ƙarhina, shi za a ba tsoho biyu kullum? Kashe shi aka so? Ni na ɗanɗana, na san abin da ke ciki."

"Shi yana da ciwon, ke ba ki da shi. Bambancin ke nan."

"Ce mashi ni ban yi lakol ba."

"Da sunana kika gaya masa."

"Ce mashi ubanai ba ya jin maganar kowa sai ta likita."

Na yarda ta gaskata abin da take faɗa. Ta ga ƙwayar ta kayar da ita, ta ji tsoro saboda mijinta, ta rage masa. Abin da ya ragu kuma ta adana don kanta. Duka biyun a kwano ɗaya.

"Ranar Talata za a buɗe cikinki," na ce. "Kin san babu komai a ciki. Kika ce to."



"Ce mashi rai ga Allah yake."

Na fita tsakar gida. Matan maƙwabta suna nan, ɗaya ta ce, "Likita, iska ta ko?" Na ce ba iska ba ce, su je gida. Na kira majo, babban ma'aikacin jinya na ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, na ce ina son ambilans, mutum biyu. Ya ce in ruwa ya janye zai turo bayan azahar. Na wanke ƙafar Baba, na naɗe da bandeji, na yi masa abin da za a iya yi a zaure. Ƙarfe ɗaya sukarin Inna ya sake yin ƙasa, kamar yadda na ce. Na tura kwalba ta uku. Ba ta buɗe mayafi ba. Hannun kawai ta bar mini.

Na kira Yamai. Na gaya wa farfesa a soke fiɗa, na gaya masa dalili. Ya ce, "Na tambaye ka."

"Ka tambaye ni."

"Gara yau da ranar Talata. Ka samo mata wanda zai yi magana da ita. Ba kai ba."

Ambilans ta iso kafin la'asar. Aka kwantar da Inna a gado, Zulaiha a gefenta riƙe da leda. Baba ya zauna a benci, ƙafa a kan cinyata. Na bar babur a gida. A korama ruwa ya koma iya gwiwa, direba ya shiga a hankali.

"Yanka ta za a yi?" in ji Baba, yana nuna ƙafar da haɓa.

"Yatsun. Sauran sai an duba."

"Rage maganin nan yaj jawo?"

"Shi ne."

Ya gyaɗa kai. Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa.

"Kada ka sa ma ranka, Balarabe. Likita ma mutum na, shina kuskure. Hankalinka duk yana ga uwarka."

Zulaiha ta ɗago ta dube ni. Inna ba ta motsa ba. Jira na yi. Daga korama har gudro, titin kwalta, akwai tafiyar minti ashirin, na ba ta dukansu. Ba ta ce komai ba. Ni ma ban ce ba. In na faɗa masa, aure na shekara talatin da shida ne zai shiga asibiti tare da ƙafar, kuma ba ni da maganin wannan.

"Haka ne, Baba," na ce.

A asibiti na fara da shi. Na kai shi ɗakin maza, aka sa masa insulin da maganin ƙwayoyin cuta, aka sa shi cikin na fiɗar safe. Sannan na nemi abokin aikina, Likita Shafi'i. Tare muka fara aiki, shi a Yamai ya yi karatu. Na ba shi takardun Inna duka, da ƙullin ƙyallen. Ya kwance, ya duba, ya dube ni.

"Nata?"

"Na Baba. Ita ke sha."

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai. A riƙe ta kwana biyu da ƙarin ruwa, awo duk awa biyu. A binciki ƙunshinta kafin a shigar. In an sallame su, maganin Baba a hannun majo zai zauna, a riƙa ba shi na mako mako, Zulaiha ke ba shi."

"Me zan rubuta a takarda?"

"Abin da ya faru."

"Mahfuzu, ka zauna tukuna ka sha ruwa."

"Rubuta kawai."

An ba ta ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda, mai gado biyu, ɗaya babu kowa. Na leƙa don in ga ko an rataya ledar daidai. An rataya. Ta cire mayafin. A gadon asibiti take, ni kuma na sa farar riga, sai ta ga kamar hanyar ta sake buɗewa. Ta dube ni kai tsaye.

"Likita."

Ta miƙo wuyan hannunta a kan zanen gado.

Na ja ƙofar na rufe. Zulaiha na tsaye a baranda da buta a hannu.

"Ce mata likitanta Shafi'i ne," na ce. "In ta sake faɗuwa, majo za ki kira, shi zai zo. Zan riƙa zuwa gida in duba Baba, in gaishe ta daga ƙofa kamar da. Amma daga yau ni ba likitanta ba ne."